Ina ungulu, ina gauraka? Amsoshin tambayoyinku kan tsuntsaye da namun dajin jihohinmu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan tsuntsaye da namun daji suke, wasu na kukan sun ɓace, wani kuma na kukan sun yi masa yawa. Na gajarce wasu tambayoyin saboda wuri, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mutumin Hadeja ne, na haura shekara hamsin. Muna yara in ka je mahauta ungulu har ture juna suke, kan rimi kuwa ba a magana. Yanzu wallahi autana bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba sai a waya. Gauraka ma da muke jin kukansa a fadama shiru kake ji. Shin ƙaura suka yi ko ƙarewa? Kuma aikin waye ya hana? (Wani mai karatu daga Hadeja)

AMSA: Barka kadai Yaya. Abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma ba ƙaura suka yi ba, ƙarewa suke yi. Ita wannan ungulun ta gari da ka sani a mahauta, mai siririn baki da jar fuska, tun 2015 ƙungiyar IUCN mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari a duniya ta sa ta a matakin da daga shi sai a ce babu. Ba Hadeja kaɗai ba, ka je Kano ka je Katsina ka je Zariya ka tambayi tsofaffin mahauta, bakinsu ɗaya za ka ji.

Abin da ya ci ta kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, hannunmu ne. Babba a ciki tsibbu. Ana neman kanta da ƙafarta da gashinta har da ƙwanta wai don sa'a, wai don farin jini, wai maganin hauka, da ta fara wuya sai kuɗinta ya tashi, da kuɗin ya tashi sai masu kama ta suka ƙaru, har ta kai yanzu daga Nijar da Cadi da Kamaru ake shigo da ita kasuwanninmu saboda tamu ta ƙare. Yadda ake kamun ma shi ne abin takaici, a barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe ko kayan ciki a ajiye a fili, duk waɗanda suka sauka a nan za su zube gaba ɗaya. Haka in makiyayi ya sa wa kura ko karnukan da ke masa ɓarna guba a mushe, ungulu ce ke fara isowa. Ga kuma dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, rimi da maɗaci da giginya, an sassare su. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, da me za ta cike wannan giɓin?

Na san wani zai ce to ungulu ce fa, in ta ƙare sai me? A tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1990 ungulayensu suka fara zubewa, cikin ɗan lokaci sama da kashi 95 cikin 100 na wasu irinsu suka mutu, daga baya aka gano ashe wani maganin ciwon jiki ne da ake ba shanu, diclofenac, in saniya ta mutu da shi a jikinta ungulu ta ci naman sai ƙodarta ta lalace. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Kafin nan mushe ya cika bayan gari yana ruɓewa yana ɓata ruwan sha, karnukan da ba su da masu su suka hayayyafa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta mutum kusan rabin miliyan ne suka rasu tsakanin 2000 da 2005 sanadin wannan rashi. Cikin ungulu narkar da ƙwayoyin cutar mushe yake yi, shi kuwa kare da ɓera yaɗa su suke yi.

Gauraka labarinsa ya fi ba ni haushi, don shi ne fa tsuntsun ƙasa na Najeriya. A cikin ciyawar fadama mai ruwa yake sheƙa, fadamar ta ƙanƙance, sannan ana kama shi da 'ya'yansa a kai gidajen masu hali don ado, a can zai tsufa ya mutu bai bar baya ba. Yau in kana son ganin garkensa a sake sai dai ka tsallaka Cadi ko arewacin Kamaru.

Aikin waye? Kowa da nasa kason, amma babban kaso na jiha ne, kuma nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa amanar ƙasar jiha. Gandun daji da burtali da makiyaya da fadama, izinin sare itace, rabon filaye, duk jiha da ƙananan hukumomi ne. Tarayya tana da manyan gandayenta na ƙasa, ta kuma kafa dokar 1985 ta hana fataucin namun da ke cikin haɗari wadda aka yi wa gyara a 2016, amma ba Abuja ce za ta zo ta ce kar a sare rimin bakin kasuwarku ba. Dokar namun daji da jihohin Arewa suka gada kuwa ta 1963 ce, tun zamanin Sardauna.

Abin da muke buƙata shi ne kowace jiha ta zauna ta yi tsari ɗaya na duk faɗinta. A fara da ƙirga, me ya rage, a ina yake, a wane wata yake ƙwai, me ke kashe shi. Makiyayin da bai san yawan shanunsa ba ai ba zai san ranar da aka fara yi masa sata ba. In an ƙirga sai a zana wuraren da ba za a taɓa ba a taswira, a rubuta wa zai yi me da nawa, kuma tsarin ya hau kan ma'aikatar gona da ta ruwa da ta filaye da ta ayyuka, ba a bar shi a durowar ma'aikatar muhalli ba. Don a ofis ɗin rabon fili da na kwangilar hanya ake yanke wa tsuntsu hukunci, ba tare da kowa ya ambaci sunansa ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce, ina karanta ilmin gandun daji. Wani malaminmu ya ce wai a Amurka kowace jiha tana da nata rubutaccen tsarin kare namun daji. Da gaske ne? Kuma yana aiki ko takarda ce kawai? (Wata ɗaliba daga Dutse)

AMSA: Da gaske ne ƙanwata. A farkon shekarun 2000 majalisar dokokinsu ta ware wani kuɗi na tallafa wa jihohi, ta ce amma duk jihar da ke son kasonta sai ta kawo tsari a rubuce. Zuwa watan Oktoban 2005 duk jihohi 50 sun kawo nasu, kuma sharaɗi ne a sake duba shi aƙalla duk shekara 10. A cikin kowanne akwai jerin halittun da suka fi buƙatar agaji a jihar, tsuntsu ne, kifi ne, kwaɗo ne, har ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, in aka haɗa na ƙasar duka sun haura iri 12,000. Akwai inda suke zaune, da abin da ke damunsu, da matakin da za a ɗauka, da yadda za a gane ko matakin ya yi amfani, kuma dole a ji ta bakin jama'a kafin a rufe. Hikimar ita ce a tari abu tun yana da sauran yawa, kar a jira sai ya rage guda goma a fara gudu-gudu.

Yana aiki? Wani wuri e, wani wuri da saura. A 2019 masana suka fitar da lissafin da ya girgiza su, cewa Amurka da Kanada sun rasa tsuntsaye kusan biliyan 3 daga 1970, wajen kashi 29 cikin 100 ke nan. Tsuntsayen filin ciyawa su suka fi shan wuya, fiye da rabinsu sun tafi, saboda an nome filayen. Amma a wannan lissafin dai agwagin ruwa ƙaruwa suka yi. Me ya sa? Su suna da kuɗinsu na kansu. Tun 1934 duk mai son harbin agwagwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman, kuɗin kuma kusan duka a sayen fadamu da tafkuna ake zuba shi. A 1937 suka ƙara da haraji a kan bindigar farauta da harsashi, ana raba wa jihohi don kula da namun daji. Ga kuma mikiyarsu mai farin kai, a 1963 ma'aurata 417 kacal aka ƙirga in ka cire Alaska, suka hana maganin ƙwari na DDT a 1972, suka tsare sheƙunanta, a 2007 aka cire ta daga jerin masu haɗari.

To ke da za ki fito ki yi wannan aikin, abin da nake so ki riƙe daga labarinsu shi ne maganar kuɗi. Wanda aka ware wa hanyar samun kuɗi tsayayya ya farfaɗo, wanda aka rubuta sunansa a takarda kawai yana nan yana raguwa. Ba sai mun kwaikwayi nasu sak ba, mu ba mu da masu sayen lasin farauta irin nasu, amma jiha na iya cewa kaso kaza na harajin katako da gawayi da yashi da kuɗin shiga gandu ba zai tafi ko'ina ba sai wannan aikin.

TAMBAYA: Malam ni manomin shinkafa ne a yankin Guri kuma gaskiya raina na ɓaci in na ji ana maganar kare tsuntsu. Wane tsuntsu? Bara jan baki ya sauka a gonata da hantsi kafin la'asar rabin shinkafar ta tafi, yarana sun bar makaranta suna kora da gwangwani da majajjawa tun asuba. Ku a birni kuna kukan tsuntsu ya ragu mu nan tsuntsu ne ya hana mu barci. A turo mana jirgin feshi kawai a huta. (Wani manomi daga Guri)

AMSA: Allah ya mayar maka da alheri ɗan uwa, kuma ba wanda zai ga laifinka. Wanda bai taɓa tsayawa a kan kunya ya ga jan baki ya taso daga gabas kamar hadari ba, ba zai gane abin da kake faɗa ba. An ƙiyasta kowane ɗaya na cin wajen giram 10 na hatsi a rana, ka ga garke mai miliyan 2 tan 20 ke nan kafin rana ta faɗi. Jan baki ba ya cikin masu ƙarewa, yana cikin tsuntsayen daji mafi yawa a duniya, kuma duk tsarin da bai sa maganinsa a gaba ba manomi ba zai saurare shi ba, ni ma ba zan goyi bayansa ba.

Amma dan Allah ka tsaya mu bi sawun abin. A ina jan bakin yake kwana, a ina yake ƙyanƙyasa? Ka fi ni sani, a cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa. To ita kacalar me ya kawo ta da wannan yawan? Dattawanku za su gaya maka da can ba haka take ba. Da, kogin Hadeja da na Jama'are sukan cika su malala a watan Agusta da Satumba, ruwa ya shimfiɗu tun daga Hadeja har Nguru da Gashuwa, masunta su yi kamu, a yanki shinkafa, ruwa na ja baya ana bin danshi da wake da kayan lambu, rani ya yi Fulani su sauko da shanu, ƙasa ta bushe ƙayau har ta tsage. Wannan bushewar ita ke kashe kacala. Sai aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, duk a jihar Kano. Babbar ambaliyar damina ta ragu, a maimakonta sai ruwa kaɗan-kaɗan da ake saki rani da damina, wanda ba ya isa ya wanke hanya kuma ba ya barin ƙasa ta bushe. Abin da kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru, ruwa ya karkata ta reshen kogi na Marma ya nufi Nguru ya cinye gonaki da garuruwa, wasu rassan kuma suka ƙafe mutanensu na neman na sha. Kwalekwale ya kasa ratsawa, kifi ya ragu, sauro ya ƙaru, jan baki ya samu masaukin da ba mai iya shiga.

Ka ga abin da ya kori gauraka da dinya daga fadamarku shi ne dai ya tara maka jan baki. Ciwo ɗaya ne.

Kuma wannan fadamar taku ba ƙaramin wuri ba ce a idon duniya. Daga watan Oktoba agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa ke tasowa daga Turai su ratsa Sahara su sauka a nan su yi hunturu, sai wajen Maris su koma. Tafkin Nguru da Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, a shekarar 2000, aka ƙara da Baturiya ta Kiri Kasamma da Dagona ta ƙasar Bade a 2008. Marigayi Yarima Philip mijin marigayiya Sarauniyar Ingila har Dagona ya zo a 1989 saboda waɗannan tsuntsayen. Masana tattalin arziki kuma sun yi lissafi tun farkon shekarun 1990, suka nuna cewa ruwan da aka saki ya malala fadama, in ka haɗa kifi da shinkafa da itacen girki da ake samu, ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan daidai wannan ruwan in an riƙe shi a babban aikin noman rani na sama. Ba cewa nake a fasa dam ba, mutanen Kano na sha daga nan, Kadawa da Kura na noma da shi. Cewa nake a tsara sakin ruwan, a saki mai yawa a lokacinsa, a ɗauke a lokacinsa.

Maganar jirgi kuwa, na san in wuta ta kama ba a tsayawa dogon bayani, akwai shekarar da dole a yi feshin. Sai dai maganin da aka saba fesawa, fenthion, bai san jan baki daban ba. Shirwa da shaho da mujiya da suka ci gawar su ma tafiya suke, ita mujiyar nan kuwa ita ke rage maka ɓeran gona. Yana zuba a ruwan da kuke kamun kifi, kuma ka san akwai yaran da ke bin wurin da safe su tsince matattun a soya. Bayan duk wannan baɗi wani garken zai zo daga Cadi ko Nijar, tunda masaukinsa na nan.

Abin da ya kamata tsarin Jigawa da na Yobe su ƙunsa shi ne yashe hanyoyin ruwa a kai a kai ba sai an yi ambaliya ba, da sanin makwancin jan baki tun kafin shinkafa ta yi nono, da taimaka wa masu kama shi da raga tunda nama ne mai kasuwa, da haɗa kan manoman yanki su shuka lokaci ɗaya don kar gonar mutum ɗaya ta zama ita kaɗai ce a fili. Kacalar ma a Senegal da Muritaniya gawayi ake yi da ita, wanda zai ɗan sassauta wa marke da ƙirya. Sai dai fa jiha ɗaya ba ta isa ba, makunnin ruwan na Kano, wahalar na Jigawa da Yobe. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Kano da Jigawa da Yobe da Bauci da Borno da Filato, sun haɗu sun kafa asusu na bai-ɗaya don kula da shi. Ku manoma da masunta da makiyaya ku ya kamata ku riƙa tambayar wakilanku ina aka kwana a kansa, da baki ɗaya, don in kuka je a rarrabe kowa zai ce ɗayan ne matsalarsa.

TAMBAYA: Ni mafarauci ne gaba da baya, kakana ma da ita ya ci abinci. Wannan tsarin da kuke faɗa ba dabara ba ce ta ƙwace mana bindiga a hana mu shiga daji? (Wani mafarauci daga ƙasar Ningi)

AMSA: Ranka ya daɗe, in aka yi tsarin da babu ku a ciki to an yi aikin banza. Wa ya san inda gada ke shan ruwa, wa ya san watan da zabo da fakara ke kwanci, in ba ku ba? Amma kai ma ka faɗi tsakaninka da Allah, abin da kakanka ke samowa a yini ɗaya yau kana samunsa a mako? Ina tuje, ina jimina, ina burtu? Sana'ar ce ke mutuwa a hannunku, kuma ba dokar gwamnati ce ta kashe ta ba. Abin da za a nema a wurinku bai fi a ajiye bindiga da damina lokacin ƙwai da goyo ba, a bar sa guba a mashaya, a bar cinna wa daji wuta don ɓera da zomo, sannan a bar wasu wurare su zama ma'ajiya inda naman zai hayayyafa ya bazu. Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina ya zama hima, wato keɓaɓɓen filin da ake karewa, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma a Suratul An'am aya ta 38 Allah ya gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu.

Dubi Yankari a jiharku. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, tarayya ta karɓa a 1991, ya dawo hannun jihar Bauci a 2006, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Raƙumin dawa ya ƙare a cikinsa, zaki ya rage 'yan kaɗan, giwaye an yi ta kashe su saboda haure. Daga 2014 da jihar ta haɗa hannu da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, aka riƙa biyan masu gadin daji alawus ɗin sintiri da abinci da kayan aiki, aka ɗauki mutanen ƙauyukan gefe su riƙa ba da labarin inda giwa ta nufa don a kare gonaki, kisan giwa ya ja baya ƙwarai. Ba wani sihiri a ciki, an biya mutane ne sun yi aikinsu.

Kuma ka lura da abin da ke faruwa da dajin da hukuma ta juya wa baya. Sambisa asalinsa gandun namun daji ne. Kamuku na Birnin Gwari, Falgore, har Lame-Burra da ke kusa da ku, kowa ya san irin baƙin da suka taɓa samun mafaka a ciki. A 2020 tarayya ta amince ta mayar da wasu gandaye 10 su zama na ƙasa, ciki har da Falgore da Baturiya da Kogo na Katsina. Ni a ganina duk inda za a ɗauki masu gadin daji, 'ya'yan mafarautan yankin ya kamata a fara dubawa, da albashi, da sa hannun Sarkin Baka.

TAMBAYA: Malam mu nan Nijar ma haka abin yake. Wai akwai abin da ya taɓa dawowa bayan ya kusa ƙarewa a ƙasashenmu, ko sai a ƙasar Turawa? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Ai ku ne ma abin misali ɗan uwa. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, a 1996 guda 49 suka rage, kuma su ke nan irinsu a duk duniya. Gwamnati ta hana taɓa su, ƙungiyoyi suka shigo da rijiyoyi da ƙananan basussuka ga ƙauyukan da raƙuman ke ci musu wake, samarin wurin suka zama masu yi wa baƙi jagora, kafin 2018 sun haura 600. A shekarar ne ma aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jiharku ta Maraɗi. Ga kuma sassabin zamani da ya faro daga wajenku a shekarun 1980, manomi ya bar tohon kututture a gona ya gyara shi ya zama itace maimakon ya ƙone shi, an ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo da kalgo da aduwa in sun dawo gona, mai sheƙa ma zai dawo. Jihohinmu na Katsina da Jigawa da Sakkwato da ke maƙwabtaka da ku, wannan ya kamata ya zama shafin farko a tsarinsu, ya fi dashen bikin da ake yi a ɗauki hoto a bar wa awaki.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce. Mu da ba mu da mulki ba mu da kuɗi me za mu iya yi, ni da ɗalibaina? (Wata malama daga Gashuwa)

AMSA: Malama aikin da tsarin ya fi buƙata shi ne a hannunku, wato ƙirga. Ki samu littafi guda na aji, duk ranar da aka fara ganin shamuwa kafin damina a rubuta, a ƙirga sheƙunanta nawa ne a unguwa kuma a kan wace bishiya, a rubuta ranar da suka tashi. In yaro ya ga ungulu ko gauraka ko dinya a rubuta wuri da rana. Ki tura su wurin kakanninsu su tambayo sunayen tsuntsayen da suka sani da inda ake ganinsu da, da Hausa da Badanci da Fulatanci da Barbarci, don abin da tsofaffin nan suka sani ba ya cikin fayil ɗin kowane ofis. Shekara uku in kika yi kina wannan kin tara abin da jami'in muhalli zai zo nema.

In kina da babbar waya, akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos ke jagoranta tun 2015, masu sa kai ne ke yi da manhajar BirdLasser, an yanka ƙasar gida-gida kamar kilomita 9 kowane gefe, kina shigar da abin da kika gani yana tafiya kundin ƙasa, inda aka san tsuntsaye sama da iri 900. Duk watan Janairu kuma ana ƙirgar tsuntsayen ruwa a faɗin duniya, fadamarku na cikin wuraren da ake zuwa, ƙungiyar kare muhalli ta NCF na da hannu a aikin, ga Dagona nan kusa da ku. Ki nemi izinin hedimasta da na iyaye ki kai 'yan aji shida su ga yadda ake yi.

Maganar danƙo kuwa kar ki tsaya a kan duka da tsawa, yaro zai ɓoye ne kawai. Ki ba su labarin sahabban da suka ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Sannan wanda ya fi kowa iya harbi a ajin, shi za ki ba riƙon littafin, don idonsa ya fi na kowa ganin tsuntsu. In littafin ya cika ki yi kwafi biyu, ɗaya ki kai sashen gandun daji na ƙaramar hukuma, ɗaya ki ba ɗan majalisarku na jiha kafin a fara zaman kasafin kuɗi.